Sunan da Na Kira Sau Ɗaya

Ku ƴaƴana kun daɗe kuna cewa Innarku dutse ce. Rabi ta faɗa a kan idona ranar da aka kai babanku makwancinsa, da ta ga ina raba wa masu gaisuwa goro idona a bushe. Abdu bai faɗa ba, shi dama tun yana yaro sai dai ya yi ta kallon mutum har mutum ya tsargu. Ban yi fushi ba, abin da kuka gani kuka faɗa. Na kuma san labarin da gwaggwanninku suka ba ku, wai akwai shekarar da na taɓu, na tsaya a bakin ƙorama na ƙwala sunan surukina jama'a suna ji. Rabin labarin gaskiya ne, na kira sunan. Sauran rabin shi zan rubuta muku yanzu, tun da sauran haske a idona, domin waɗanda suka ga abin duk sun riga ni tafiya. Ga shi kuma matar autana Sani ta sauka, an sami namiji, Sani ya zo ya durƙusa yana tambayata sunan da za a raɗa masa. Na ce ya ba ni lokaci. Ba zan iya ba shi amsa ba sai na fara ba ku wannan labari.

Kun san kuna da wa da ya rasu yana yaro, amma ba ku taɓa jin sunansa daga bakina ba. Shi ne ɗan farina. A Tawa na haife shi, a gidan kakanninku, tun Nasara bai sauke tutarsa ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Da wannan kunya ake auna gidan da mace ta fito. Ni kuma tawa kunyar biyu ce, domin ranar suna aka ba shi sunan kakanku, mahaifin babanku, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho. Matar ɗa ba ta faɗin sunan surukinta ko da kuskure, in a kasuwa ta gamu da mai irin sunan sai ta ce masa mai gishiri ko mai tabarma. Mutanen gida suna ce wa yaron Maisuna, abokan wasansa da malaminsu na allo suna kiransa da sunan yanka, ni kuwa ko laƙabin ba na faɗa. In ina son ya miƙo mini ludayi sai in ce, kai. In zan yi maganarsa sai in ce, yaron nan.

Ana yaye shi kakarku, wadda muke ce wa Tsohuwa, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Abu, yadda kowa ke kirana. Tsohuwa mace ce mai baki kamar barkono, ba ta taɓa cin tuwona ta ce ya yi ba, amma a gaban jikanta sai ta narke. Maigidana take ce masa, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Yaro ne siriri mai wushirya, kunnuwansa a buɗe, ga son ƙanzo kamar me. Ni kuma na sami dabarata. In na kwashe tuwo sai in kankare ƙanzon, in ɗora a kan turmi, in ɗaga murya in ce na kaji ne, in juya baya. Kajin gidan nan ba su taɓa ganinsa ba. Wata rana ina tankaɗe a bayan danga na ji shi yana tambayar kakarsa.

“Inna, wai Abu ba ta san sunana ba? Kullum sai ta ce mini kai.”

“Ta san shi hiye da kowa, maigidana,” in ji Tsohuwa. “Nauyi garai, bakinta ba shi iya ɗaukatai. Ci tuwonka ka bar tambaya.”

Na ci gaba da tankaɗena. Ba wanda ya san cewa kullum in na sunkuya a bakin rijiya, inda ƙarar guga ke rufe komai, ina faɗin sunan a cikin zuciyata, in juya shi, in sake faɗa.

Shekarar da nake son in ba ku labarinta, an ɗan jima da samun mulkin kai. Kafin damina mai unguwa ya zagayo da wani mushe, malamin lakwal, suna neman yaran da za a sa karatun boko bayan kaka. Maisuna ya fara famfarar haƙori, daidai irin waɗanda ake nema. Babanku ya so a ba da shi. Shi ya sha zuwa Kurmi ci-rani, ya ga yadda mai alƙalami ke zaune a inuwa mai ƙarfi yana dako a rana. Tsoho kuwa ko kusa.

“Takwarana ba shi zuwa lakwal,” in ji shi. “Nasara ya tahi, to shi tahi da allonai. Bana da mu za shi tunga. In mushe na son shi, shi biyo mu cikin hatsi shi nemo.”

Tunga ita ce ƴar rugar gonarmu a arewa, wajen Barmu, inda maza ke tafiya noma kowace damina, ni in bi su don girki, yara su zauna a gari wurin Tsohuwa. Babanku ba ya iya ja da mahaifinsa shi kaɗai, yana neman wanda zai ƙara masa murya. Da safe ina niƙa ya zo ya tsaya a kaina.

“Ke mi kinka gani? Ai ɗanki na.”

“Ni mi an nawa ciki?” na ce masa. “Ɗan Tsohuwa na. Ku kunka sani.”

Amsar da kowace ɗiyar mutunci za ta bayar ke nan, kuma ita na bayar. Amma ba zan ɓoye muku ba, murna na yi. Kowace damina nakan bar shi a gari in yi watanni ban gan shi ba, ga shi bana za a tafi da shi. Tsohuwa ma ta ce ƙafarta ƙafar maigidanta. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba, ko Tsoho, ko babanku, ko ni kaina. Kowa a cikinmu son yaron yake, kowa da irin nasa son.

Ku da kuka tashi a gari ba ku san ƙoramar ƙasarmu ta Adar ba. Yawancin shekara yashi ne zalla, faffaɗa, a bushe, muna tona ramuka a cikinsa mu ɗebi ruwa. Amma in an yi ruwa a kan duwatsu can nesa, ko da a wurinku ɗigo bai sauka ba, sai ruwan ya taru ya gangaro gaba ɗaya, ja wur, yana tafe da itatuwa da duk abin da ya tarar. Ƙoramarmu ta ratsa tsakanin tunga da gonar Tsoho ta tudu. Kowa ya san halinta, kuma kowa yana ratsa ta safe da yamma, don ba wata hanya.

Ranar, ana cikin maimai, hatsi ya kai gwiwa. Maza suna noma a gonar da ke gefen tunga, daf da ƙorama. Na damo fura da hantsi na ɗauko a kai, Rabi, ke ce goye a bayana. Rana tana haske tas, hadari yana can arewa maso gabas, baƙi ƙirin, nesa ƙwarai. Da na kawo bakin ƙorama na hango yaran tunga a cikin yashi suna shayar da awaki. Maisuna yana can kusa da ɗaya gaɓar, ya durƙusa ya zura kansa cikin rami yana yasa da sakaina. Sai na ji wani gurnani, kamar garken shanu ya taso a guje. Awaki suka fara watsewa. Sauran yaran suka ɗaga kai, suka zuba da gudu suka haye gaɓar da ke kusa da su. Shi kansa yana cikin rami, bai ji ba.

“Kai!” na ce. “Kai yaro! Kai!”

A cikin yashin nan kowane yaro kai ne. Bai ɗago ba. Na ga kan ruwan ya karyo kwana, yana kumfa, yana turo wani kututture a gaba. Ƙwaryar fura ta faɗi, ban san lokacin da na sake ta ba. Ban kuma san abin da ya sa ba laƙabin ne ya fito ba. Sunan yanka ne ya fito, wanda na yi shekaru ina juyawa a bakin rijiya. Na buɗe maƙogwarona duka na kira shi, har maza a gona suka ji, har mata a tunga suka ji.

Ya ɗago. Ya miƙe tsaye ya juyo wajena, bai ko kalli ruwan ba. Ya tsaya yana kallona baki buɗe, kamar bai yarda daga ni muryar ta fito ba. Sai ya yi dariya, na ga wushiryar nan daga inda nake. Gaɓar da abokansa suka hau tana bayansa kaɗan. Bai bi su ba. Ya jefar da sakainar ya taho da gudu wajena, ta tsakiyar ƙorama, inda ta fi faɗi, domin ni na kira shi. Ina ɗaga hannu ina nuna masa ya koma, shi kuwa ya ɗauka yafuto shi nake. Bai kai rabi ba ruwan ya iso.

Babanku ya faɗa ruwan, da ƙyar maza suka jawo shi da igiya. Aka bi gaɓa ana nema har rana ta faɗi. Sai washegari wani Buzu makiyayi ya same shi can ƙasa, saiwar wani gawo ta riƙe shi. Ya naɗe shi a bargonsa ya kawo a kan raƙumi, ya sauke shi a hankali a ƙofar tunga, bai karɓi ko ruwan sha ba ya juya. Har yau ina sa mutumin nan a addu'a, ban san sunansa ba.

Aka yi masa sutura, maza suka kai shi. Mata suka cika bukkar Tsohuwa suna yi mata gaisuwa, ita ce ta yi rashin ɗa. Ni aka ba ni gero in daka gumbar sadaka. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, yadda ba ta yi masa dariya ba haka ba za ta yi masa kuka ba. Na daka. Ina daka ina jin mata a bayan bukka suna magana ƙasa-ƙasa.

“Kun ji abin da tay yi? Sunan surukinta, gaban maza, da ƙarhi.”

“Bari ke dai. Ai da ta yi kurum, da ya ga sauran ɗiya ya bi su.”

Maganar farko ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta shige ni ta zauna, kuma ita na yi ta ɗauka shekara da shekaru.

Bayan sadakar uku, da azahar, mutane sun ɗan ragu, Tsohuwa ta leƙo ta kira ni da muryarta ta faɗa, wai in zo in tsefe mata kai tun da ba ni da aikin yi. Na shiga. Ta saki asabari ta rufe ƙofa. Ta zauna a kan tabarma, ta jawo ni ta kifa kaina a cinyarta, wannan matar da ba ta taɓa yaba ko miyata ba.

“Yi kukanki, ɗiyata,” ta ce. “Yi da ƙarhi. In an jiya waje, a ce ni ta.”

Na yi. Na yi kuka har muryata ta dushe, ita kuma tana ɗora tata a kan tawa don kada a bambance. Da na gama ta share mini fuska da gefen zanenta, ta ce in tashi in ɗora sanwa, maza sun kusa dawowa. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Kuma ba ta fasa kushe tuwona ba. Idan kun ga idona a bushe ranar mutuwar babanku, ku sani a ɗaki aka koya mini kuka, ƙofa a rufe, kuma har yau can nake yin sa.

Hatsi ya yi kyau a shekarar, abin haushi. Muka cika rumbu muka koma Tawa. Tsoho ya daina zama a zaure, ya daina cin goro, ya rame. Tsakanina da shi dama ba magana, in na hango shi nakan sake hanya, in ba hanya in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Tun ranar ƙorama kuwa ko inuwarsa ba na son haɗuwa da ita, ina jiran ranar da zai sa a mayar da ni gidanmu. Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji takunsa ya tsaya a bayan danga. Ba ya ganina, ba na ganinsa.

“Ɗiyata, kina jina?”

Na ajiye kwanon da ke hannuna na kasa kunne, don ba a amsa wa suruki da baki.

“Ranar da kinka yi kira, ina cikin gona na amsa. Na ce na'am, hauya na hannuna. Mu biyu munka waiwaya. Anka bar tsoho, anka ɗauki yaro.” Sannan ya ce, “Ni nak kai shi can, ba ke ba. Sunan ga kuwa na yahe miki shi. Naki na. Ki kira shi duk sa'ad da kinka so.”

Ban kira ba. Bakin da ya saba rufuwa ba ya buɗewa don an ce ya buɗe. Amma da Abdu ya isa, Tsoho da kansa ya riƙe hannunsa ya kai shi lakwal, yana dogara sanda. Abdu, takalmin da kake sawa kana zuwa biro, ofishin nan naka, a nan aka fara biyan kuɗinsa. Babanku kuma bai yarda an sake raɗa wa kowa sunan a zuriyarmu ba, don yana tsoron in ji ana kira a tsakar gida. Tausayina ya ji, na sani, ko da yake bai taɓa tambayata ba.

Na yi shekaru ina auna abin nan. Da na kira tun farko, kafin in ɓata numfashi a kan kai yaro? Da ban kira ba sam, ko zai ɗago da kansa ya bi abokansa? Da ya saba jin sunansa a bakina, ai da bai tsaya mamaki ba. Kowace damina in hadari ya haɗu a arewa sai in sake ɗauko tambayoyin in baje su. Na kai wa malamai, suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar ba ta hana ni aunawa ba. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa na yi ta ƙoƙarin juyawa in ga tawa. Masu cewa bayan wuya sai daɗi ban yi musu musu ba, amma ni abin da na gani, wata wuyar ba ta da baya, tare ake tsufa da ita. Haƙuri kuma ba magani ba ne da ake haɗiyewa sau ɗaya. Kamar daka yake, wanda ka yi jiya ba ya ciyar da kai yau.

Ban sami amsa ba, kuma yanzu na san ba zan samu ba. Tsufa ne kawai ya rage mini ƙarfin tambaya. Da ƙarfin ya ragu, sai na lura akwai abin da na yi shekaru ina gani ban kalla ba. Kullum in na tuna ranar, ruwan nake kallo. Sai da furfura ta cika kaina na fara kallon fuskarsa. Yaron nan ya tambayi kakarsa ko na san sunansa. Bai bar duniya ba sai da ya sami amsa, daga bakina, a gaban kowa, kuma dariya ya yi. Abin da ya gani na ƙarshe uwarsa ce tana kiransa, kuma wajenta yake gudu. Ba na cewa wannan ya biya ni. Bai biya ba. Amma shi nake riƙewa in na kwanta, kuma yana ɗaukata zuwa safiya.

Shi ya sa, Rabi, da kika haifi ɗan farinki kina ɗaga shi sama kina kiran sunansa kamar mai tallar goro, gwaggwanninki suka ce ɗiyan zamani ba su da kunya, ni na ce su bar ki. Kin yi mamaki ranar, kin zaci zan fi su faɗa. Ba na zagin kunya, ita ta raine mu, ita ta sa Tsohuwa ta ara mini muryarta. Amma na san farashinta, don ni na biya.

Da aka buɗe karatun manya a unguwarmu na shiga, ina da jikoki, ƴan mata suna yi mini dariya. Na koyi rubuta sunana, da naku duka, da na garuruwa, har da na babanku da ban taɓa faɗa da baki ba. Suna ɗaya ne hannuna ya ƙi, in na kai alli kan allo sai ya tsaya.

To, Sani, ga amsarka. Ka ce wa liman ya raɗa wa yaron sunan wanku da ya rasu. Kada kuma wani ya laƙa masa Maisuna ko Baba ƙarami don a sauƙaƙa mini, Tsoho ya yafe mini sunan tun kafin a haife ka, ni ce ban karɓa ba sai yau. In an yaye shi ku riƙa kawo mini shi. Akwai ƙanzo, kuma ba zan ce na kaji ne ba. Zan kira shi da safe, in kira shi da rana, in kira shi ko ba ni da aike, har ya gaji da ni, har ya saba, yadda in ya ji sunansa a bakina ba zai tsaya yana mamaki ba.

Sunansa Shaibu.